Hanyar Dagwa Da Dabbar Da Ta Shekara 27 A Cikin Durowa

A ƙarshen watan Oktoban 2024 na samu kaina a birnin Kali na ƙasar Kolombiya, cikin malaman jami'a da suka halarci taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 16 kan kare nau'o'in halittu, wanda aka buɗe ranar 21 ga watan. Ba zan gajiyar da mai karatu da abin da ya wakana a zaurukan taron ba. Kafofin watsa labarai sun kawo shi a lokacinsa, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san yadda wakilan ƙasashe kan raba dare suna ja-in-ja a kan waƙafi guda. Labarin da nake tafe da shi na wata ranar Lahadi ce, wadda ta raba makonni biyun taron, ranar da na sulale daga birnin na hau tsauni saboda hoton wata 'yar dabba da na gani tsaye a kan masai.

Hoton yana manne ne a allon wata rumfa a bakin Kogin Kali, a filin da aka ware wa jama'ar gari domin su ma su ɗanɗani taron, tunda zauren wakilai yana can wajen birni, sojoji da 'yan sanda sun kewaye shi. Dabbar siririya ce, tsawon jikinta bai fi taƙi guda ba, bayanta ya yi duhu kamar gasasshen kofi, cikinta kuwa ruwan lemo ne mai haske. Ta ɗaga kai tana duban mai ɗaukar hoton da ido irin na wanda aka rutsa a ɗakin da ba nasa ba. Na yi dariya zan wuce, sai ɗalibar da ke kula da rumfar ta tsayar da ni da Turancinta mai nauyin Sifaniyanci. "Profe," in ji ta (haka suke kiran kowane malami ko da bai kai farfesa ba, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai), "wannan da kake yi wa dariya shi ne hoton farko da aka tabbatar na wannan dabba tana da rai."

Mutanen ƙasar suna kiran ire-iren waɗannan dabbobi komadreha. Ba mu da su a ƙasar Hausa, don haka ba mu raɗa musu suna ba, amma muna da danginsu na kusa, wato bodari mai ratsin fari da baƙi da warin da ba a mantawa, da kuma dage wanda mafarauta ke shakkar yin arangama da shi. A lissafin masana duk gida ɗaya suka fito. Idan mai karatu ya ƙaddara bodari ya rame, ya ƙanƙance, ya tuɓe ratsinsa, to ya kusa da kamannin. A tsaunukan Andis akwai komadreha gama-gari mai doguwar wutsiya da baƙin tsini, wadda kowane manomi ya sani saboda ɓarnar da take yi wa kaji, kuma ana samunta tun daga kudancin Kanada har Bolibiya. Ta cikin hoton daban ce. Masana suna kiranta Neogale felipei. Jikinta wajen santimita 22 ne, wutsiyarta kamar rabin haka, nauyinta tsakanin gram 120 da 150. Wutsiyar ba ta da baƙin tsini, akwai wani tabo mai duhu a ƙasan wuyanta, yatsunta kuma a haɗe suke da fata irin ta agwagwa, tafin ƙafar babu gashi. Daga wannan ƙafa ne masana suka yi hasashen cewa rayuwarta tana bakin ƙoramun tsauni. Har yau a matsayin hasashen yake, domin babu wanda ya bi ta ya ga abin da take ci, ko ya tono raminta ya ƙirga 'ya'yanta. Kafin wannan hoto, duk abin da kimiyya ta mallaka game da ita samfura shida ne matattu, fatu da ƙoƙunan kai, warwatse a gidajen adana halittu.

Yadda aka san da ita ma abin a tsaya a kai ne. A shekarar 1951 wani masanin dabbobi Ba'amurke, Philip Hershkovitz, wanda ya shafe shekaru yana yawon tattara samfura a dazuzzukan Kolombiya, ya kama guda a kusa da San Agustin, yankin nan na gumakan dutse na mutanen da, daura da mafarin Kogin Magdalena, a tudu mai tsayin mita 2,700. Aka feɗe ta, aka busar da fatar, aka ɗaura mata 'yar takarda, aka kai ta gidan adana halittu na Field da ke Shikago, aka jera ta tare da komadreha gama-gari. Nan ta kwanta shekara 27. Sai a 1978 wasu masana biyu, Robert Izor da Luis de la Torre, suka bayyana cewa wannan fata da wata 'yar'uwarta da aka kamo daga Popayan ba su dace da sauran na cikin durowar ba. Sun auna, sun kwatanta, suka tabbatar sabon jinsi ne, suka laƙaba masa sunan wanda ya kamo ta, wanda mutanen Kolombiya ke kira Don Felipe. Daga baya kuma aka gano wata a wani gidan adanawar, wadda aka kama a Baeza ta ƙasar Ekwado tun 1923, ita ma tana kwance shekaru aru-aru ba a gane ta ba.

Ɗalibar ta ce gundumar da aka ɗauki hoton, Dagwa, ba ta da nisa, tsaunin yamma kawai ake tsallakawa. Ita da abokan karatunta biyu za su je duba kyamarorin da suka ɗaura a kurmi ranar Lahadi, kuma idan zan biya kuɗin mai, akwai gurbi a motar. Ni mutumin tsirrai ne. A kan itatuwan kurmin tsauni na yi digirina na uku, kuma ban taɓa damuwa da abin da ke gudu a ƙarƙashinsu ba. Amma na amsa nan take, sai daga baya na gane dalilin wannan gaggawa.

Kali tana zaune ne a kwarin Kogin Kauka, kusan mita 1,000 sama da teku. Gabas da ita gonakin rake ne iya ganin ido, waɗanda kakannin baƙaƙen fatar birnin suka fara nomawa a matsayin bayi. Har yau in ka shiga wasu unguwanni sai ka rantse a Legas kake, sai an buɗe baki. Yamma da ita kuwa tsaunukan Farayones ne suka tokare sama, ƙololuwarsu ta haura mita 4,000, kuma daga can ne iskar la'asar ke gangarowa ta sanyaya birnin. Mun tashi gari bai gama wayewa ba, muka kama hanyar da ke zuwa Buwenabentura, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar a gaɓar Tekun Fasifik. Tun daga bakin gari hanyar ta fara murɗewa tana hawa, cike da masu tseren keke, maza da mata, har da tsofaffi masu furfura, kowa ya sunkuya yana nishi. Direbanmu ya san su, yana bin su a hankali kamar mai bin garken shanu a kan titi.

A wurin da ake kira Kilomita 18 hawan ya ƙare, a kusan mita 2,000. Nan gajimare ya rufe mu. Cikin minti arba'in mun baro zafin birni mun shiga sanyin da ya sa na nemi rigar da na kusa barowa a masauki. Rumfunan abinci sun jeru a bakin hanya, hayaƙin itace yana cuɗanya da hazo. Aka kawo mana wani ruwan zafi mai duhu a cikin kwano, da yankan cuku a gefe, aka ce a jefa cukun ciki ya yi laushi. Kurɓa ɗaya na yi na gane shi: mazarƙwaila ce aka narka. Suna kiranta panela, da rake suke yinta a tukunya kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu, har dunƙulenta iri ɗaya ne. Na faɗa wa ɗaliban sunanta da Hausa, suka yi ta ƙoƙarin furta shi har muka tashi, babu wanda ya dace.

Daga bakin hanya muka shiga kurmi a ƙafa. A nan zan roƙi mai karatu ya yi mini haƙuri, domin an shigo fagena. Kurmin da gajimare ke kwana a cikinsa ba ya jiran ruwan sama kaɗai. Ganye da gansakuka suna tatsar danshi daga hazon da ke ratsawa, ruwan ya riƙa ɗiga ƙasa dare da rana, ya taru ya zama ƙorama. Shi ya sa idan aka sare irin wannan kurmi, ƙoramar takan ƙafe ko da damina ba ta canza ba. Kowane reshe a nan gona ne. Gansakuka ta lulluɓe shi, a kanta furannin okid, a kansu wasu tsirrai dangin abarba masu tara ruwa a tsakiyar ganyensu, har kwaɗi ke hayayyafa a ciki. Wanda ya saba da kauci zai ɗauka su ma tsotsar bishiyar suke yi, alhali kuwa wurin zama kawai suka ara. Akwai wasu bishiyoyi masu ganye kamar gashin jimina, da wasu masu faffaɗan ganye mai ƙyallin azurfa da ake hangowa daga tsallaken kwari. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Kolombiya tana da jinsin tsuntsaye sama da 1,900, babu ƙasar da ta kai ta, kuma wasu ƙanana masu kama da sha-kaucinmu suna tsayawa cak a iska a gaban fure, fukafukansu na ƙugi kamar zanzaro.

Na san wannan ƙamshi na ruɓaɓɓen ganye da danshi. Na san shi a kurmin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, inda na yi watanni ina auna kaurin itatuwa, kuma hawan da muka yi ya tuna mini da hawan da ake yi daga Mayo Selbe. Har raunin wuraren biyu iri ɗaya ne. Kurmin Kilomita 18 guntu ne da ya saura, an yanyanka shi da makiyayar shanu, da gonaki, da gidajen hutun masu kuɗin birni, kamar yadda Ngel Nyaki ya zama tsibiri a tsakiyar ciyawar da ake ƙonawa kowace shekara. Mun yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba sai ga waya mai ƙaya, bayanta fili fetal da saniya tana kallonmu.

Kyamarorin huɗu ne, an ɗaure su a gindin bishiyoyi a bakin wata ƙorama mai ruwan sanyi kamar ƙanƙara. Muka zauna a kan dutse ɗalibar tana buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga wata dabba mai kama da gafiya tana tona ƙasa. Ga tsuntsu. Ga ƙafafun mutum cikin takalmin roba. Ga karen wani gida, wanda ya bayyana har sau goma sha ɗaya, da alama ya mai da wurin hanyarsa. Komadreha kuwa ko gama-garin ba ta fito ba. Ɗalibar ba ta nuna damuwa ba. Ta ce irin wannan kyamara ɗumin jiki da motsi ne ke tayar da ita, kuma yawanci a daidai gwiwar mutum ake ɗaure ta domin manyan dabbobi. Dabbar da ba ta fi nauyin albasa guda ba, mai bi ta ƙarƙashin saiwa da tsakanin duwatsu, takan wuce kafin na'urar ta farka. Masana a ƙasar Holan sun ƙirƙiro wani akwati mai bututu da kyamara a ciki, saboda dangin komadreha ba sa iya ganin rami su ƙi leƙawa, kuma irinsa ne ɗaliban suke fatan haɗawa in sun samu kuɗin katako da batir. Na tambayi ko nawa ne. Abin da ta faɗa bai kai kuɗin kwana biyu a otal ɗin da aka sauke mu ba.

Na daɗe ina kallon bakin ƙoramar. Na san ba zan ga kome ba, amma ido ba ya jin magana. Duk inuwar da ta gifta sai gabana ya faɗi.

A hanyar fitowa muka ratsa ta wani gida mai rufin kwano, inda wata dattijuwa ke watsa wa kaji masara. Ɗalibar ta san ta, ta gaishe ta da ladabi, ta nuna mata hoton a waya, tana yi mini tafinta. Dattijuwar ta ce ta san mugun, sarai ma kuwa. A bara ya shiga akurki ya kashe mata 'yan tsaki bakwai a dare ɗaya, bai ci ko rabinsu ba. Ɗanta ya ɗana tarko ya kama shi, suka jefa gawar a kwari. Wane iri ne, mai baƙin tsinin wutsiya ko marar shi? Ta dube mu kamar mun tambaye ta launin idon ɓarawo. Ta ce komadreha komadreha ce. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mahaifiyata ma da bodari ya shigar mata akurki ba ta tsaya duba ratsinsa ba. Ɗalibar ba ta yi mata wa'azin kada a kashe ba, ta san ba zai shiga ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne, in an sake kama wani, a juya shi a ɗauki hoton cikinsa da tafin ƙafarsa kafin a jefar. Dattijuwar ta ce za ta faɗa wa jikarta, ita ce mai waya.

Daga Kilomita 18 hanya ta gangara yamma, sai na ga abin da ban zata ba. Tsaunuka suna tare ruwan da ke tasowa daga teku, don haka kwarin Kogin Dagwa busasshe ne. Cikin ɗan lokaci kurmi ya ɓace, ƙasa ta yi ja, gangaren tsaunuka suka cika da layukan abarba, can ƙasa kuma har da tsirrai masu ƙaya irin na hamada. Sai ka ce an ɗauke ka daga Gembu an dire ka a Gombe. Garin Dagwa kansa ƙarami ne, mai zafi, da dandali da coci da masu sayar da abarba a bakin titi, kiɗa na tashi daga kowane shago. Ba mu nemi gidan da aka ɗauki hoton ba. Gidan mutane ne, yana can cikin tuddan gundumar, kuma banɗaki ba wurin ziyara ba ne. Muka zauna a inuwa muna shan abarbar da ban taɓa jin mai zaƙinta ba, ɗalibar ta ƙarasa mini labarin.

A shekarar 2011 ne wani mai zanen gine-gine, wanda nazarin katantanwa ne abin sha'awarsa, ya tarar da dabbar ta maƙale a banɗakin gidan iyayensa na ƙauye. Ya ɗauko kyamara ya ɗauki hotunanta, daga baya ta fice abinta. Bai san abin da ya gani ba. Hotunan suka zauna a kwamfutarsa shekara bakwai. A 2018 ya ɗora su a manhajar iNaturalist, inda jama'a ke sanya hotunan halittun da suka ci karo da su masana kuma su taimaka wajen tantancewa. Da farko a matsayin gama-garin aka ɗauke ta, sai tabon wuya da wutsiya marar baƙin tsini suka tona asiri. A 2019 aka wallafa bayanin a mujallar kimiyya mai suna Therya. Ke nan sau biyu wannan dabba tana shiga littafin ilimi ta hanya ɗaya: wani ya ci karo da abin da bai gane ba, bai jefar ba, ya rubuta wuri da rana ya ajiye, har wanda zai gane ya zo.

A nan ne abarbar ta daina yi mini daɗi, domin na tuna abin da na shekara takwas ina kauce wa tunawa.

Shekarar da aka ba ni shugabancin kwamitin gyaran ɗakunan gwaji na sashenmu, akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da ba a cika buɗewa ba. A cikinsa akwai kabad-kabad na katako masu siraran durowoyi, cike da busassun fatun ɓeraye da jemagu da tsuntsaye, da ƙoƙunan kai a cikin 'yan kwalabe, kowanne da takardarsa da aka rubuta da tawada, wasu tun shekarun 1960. Malaman farko na sashen ne suka tara su, Turawa da 'yan ƙasa, da taimakon mafarautan ƙauyukan kewaye. Rufin ɗakin yana yoyo, gara ta ci ƙasan kabad biyu, wari kuma ba a magana. Mu kuwa muna neman inda za mu jera kwamfutoci kafin zuwan masu tantance kwasa-kwasai, saura mako uku. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda kowa ke kira Baba, ya same ni a ofis ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, Dakta, a ba ni kwana goma in tsince masu kyau." Na ce masa, "Baba, ɓeraye ne fa. Wa zai tambaye mu ɓeraye?" Na sa hannu a takarda. Aka kwashe su a baro aka ƙone a bayan gini. Masu tantancewa suka zo suka yaba da ɗakin kwamfuta, ni ma aka yaba mini. Yau rabin kwamfutocin ba sa tashi.

Ba ina cewa akwai sabon jinsi a cikin abin da na ƙona ba. Abin da ke ci mini rai shi ne babu mai iya cewa babu. Dazuzzukan da aka kamo waɗannan dabbobi yawancinsu sun zama gonaki da unguwanni, don haka ko da kuɗi ba za a sake tara irinsu ba. Da durowar Shikago a hannuna take a 1970, da ba a san Neogale felipei ba.

Mun koma Kali da almuru, fitilun birni suna kunnuwa a ƙasanmu. Washegari na koma zauren taro da wani kunne daban. Babban alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a Montiriyal a 2022 shi ne a killace kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030, a kuma riƙa samar da dala biliyan 200 a kowace shekara domin aikin. Alƙawari ne mai kyau. Sai dai killacewa da taswira ake yinta, taswira kuma da ɗigo-ɗigon inda aka ga halitta ake zana ta. Dabbar da ɗigonta a duk duniya bai cika yatsun hannu biyu ba, ina za a ja mata iyaka? Ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin masu fuskantar barazana, bisa la'akari da yadda kurmin da ake zaton tana ciki yake ƙarewa. Ko wuraren da aka riga aka killace ma ba su tsira ba. Farayones gandun ƙasa ne tun 1968, amma masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya sun daɗe suna aiki a cikinsa da sinadarin makuri, wanda ke bin ƙoramun da birnin Kali ke sha. Idan hasashen masana daidai ne, a bakin irin waɗannan ƙoramu wannan dabba take neman abincinta.

A duk zaurukan da na shiga na ji an yi maganar tauraron ɗan'adam, da bayanan ƙwayoyin gado, da asusun da aka kafa da sunan birnin domin kamfanonin da ke cin moriyar waɗannan bayanai su riƙa zuba wani abu. Ban ji wanda ya tashi ya yi maganar albashin mai kula da durowa ba, ko kuɗin maganin gara, ko ɗalibin da zai shekara biyar yana koyon bambanta ƙoƙon kan wannan ɓera da na wancan. A jami'o'inmu wannan fanni ya kusa mutuwa, kuma mu malamai muka taya shi mutuwa, domin mun koya wa ɗalibai cewa aikin da ba a yi shi da na'ura mai tsada ba, ba bincike ba ne. Ɗalibi zai rubuta kundi a kan illar wani sinadari ga hantar ɓeran gwaji, amma bai san sunan ɓeran da ke cikin rumbun kakansa ba. Bodarin da kowa ya san warinsa, mutum nawa ne a ƙasar nan suka zauna suka rubuta inda yake da inda ya daina zuwa? Taron ya watse da safiyar 2 ga Nuwamba ba tare da an cim ma matsaya a kan kuɗi ba, saboda wakilai sun yi ta ficewa kama jirgi har adadin da ake bukata ya gaza. Sai a Fabrairun 2025 aka ƙarasa a birnin Rum.

Mako biyu da dawowata na nemi gidan Baba. Ya yi ritaya, yana zaune a wata unguwa a bayan gari, idonsa ya fara rauni. Na kai masa goro da ɗan kofin Kolombiya, muka gaisa, na ba shi labarin komadreha tun daga Shikago har banɗaki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni, wato neman gafara. Ya yi shiru, sannan ya kira jikansa ya ce a shiga ƙarƙashin gado a jawo kwalin nan. Ashe a daren da na sa hannu ya koma ɗakin da tocila, ya kwashi abin da hannunsa zai iya ɗauka: babban littafin rajistar samfuran, da kwalabe ashirin da 'yan kai na ƙoƙunan kai, an naɗe kowace da tsohuwar jarida. Shekara takwas bai faɗa wa kowa ba, yana tsoron a ce ya saci kayan gwamnati.

Muka baje su a kan tabarma ina karanta masa takardun. Yawancinsu sunayensu cikakku ne, da wuri, da rana, da sunan wanda ya kama. Ɗaya daga ciki, wani ɗan ƙoƙon kai mai kaifin haƙora da aka samo a gindin wani dutse a 1968, rabin suna kawai aka rubuta masa, sai alamar tambaya da fensir. Na roƙi Baba ya ba ni aron kwalin in sa wata ɗalibata ta auna su ta ɗauki hotunansu. Ya amince, amma da sharaɗi: a nan gidansa za a yi aikin, a gabansa, kuma kullum in an gama a mayar da kwalin ƙarƙashin gado. Na ce, "Baba, ai yanzu akwai kabad mai makulli a ofishina." Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Wancan ma da makullinsa."

Ɗalibar tana zuwa gidan duk ranar Asabar da ma'auninta. Ta kai kwalba ta tara.